Kafin Ki Goge Ƙashin Jitar Babanki

Gadarif, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka Bur Sudan lafiya, babu ciwon kai, babu kayan da ya salwanta a hanya. Allah Ya tsare ki a mota, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar da za ki koyar, Ya sa yaran su so ki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna a cikin jakar jita, alhali jiya ma tare muka tsince wake a faranti ɗaya, ba abin da ya haɗa mu sai "miƙo gishiri". Ke ce ta fari. Tun da na haife ki ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ido da ido ba. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Amma takarda ba ta kallon mutum, don haka yau zan iya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran Lahadi ina shara a bayan ɗakinki na ji kina gaya wa ƙawarki wai tsarkiyar jita ta yi sama, tana yanka miki yatsu, kuma da kin isa za ki zare farin ƙashin nan da tsarkiyoyi ke hawa, wanda ke kan jaki, wato ɗan katakon da ke manne a fuskar jita, ki goge shi ya yi ƙasa. Daga baya ina jera miki kaya sai na ga sanfara, takardar nan mai yashi, a naɗe cikin mayafinki. Ummi, don girman Allah kada ki taɓa ƙashin nan sai kin kai ƙarshen wasiƙar nan. Babanki ne ya sassaƙa shi da hannunsa, kuma idanunsa na yau ba za su iya sassaƙa wani ba. Abin da aka goge ba ya dawowa. Na sani, domin ni na goge wanda ya riga shi.

Bari in fara daga farko, ko da zan ji kunya.

Ina da shekara goma sha shida lokacin da na fara jin jitar nan. Rumfar kafintancin Babanki tana bayan dangar gidan innata, ni kuwa kullum da la'asar ana aika ni can taya ta sheƙar riɗi. Da rana gadon angarib yake haɗawa da kujeru. In rana ta yi sanyi sai ya jawo kayan kiɗan da aka kawo masa gyara, wani daga Fau, wani na direbobin tarakta daga Simsim da suka bar nasu a rana har ya tsage. Tasa jitar kuwa sai ya gama da na mutane yake taɓa ta. Kusan shekara guda ban san fuskarsa ba. Na san ƙafafunsa ta ƙarƙashin danga, na san tarinsa, na san yadda yake fara kiɗa a hankali kamar mai sallama a gidan surukai. A zuciyata na yi masa fuska har kala uku, duk ba wadda ta dace.

Ran da na yi ƙarfin hali na leƙa ta wata ɓula, sai na tarar ya ɗora gindin jita a kan tebur, ya kai kanta wajen kuncinsa, ya rufe ido ɗaya, ya saita daidai inda nake kamar maharbi. Na zabura na yi baya, farantin riɗi ya kife, kaji suka samu biki. Sai bayan aurenmu na gane ko sanin ina wurin bai yi ba. Wuyan jitar yake dubawa, ko ya miƙe ko ya karkace. Har yau in ya ɗauki jitar wani, ba ya kaɗa ta sai ya yi mata wannan kallon, kuma har yau in na gani sai na ji ni a bayan dangar nan.

Kuskurena na farko a cikin kwana arba'in na amarci na yi shi.

Kin san al'adarmu ta nan. Amarya takan turara komai: ɗaki, labule, jallabiya, rawani, har randa da kofunan shayi. Habbobarki, mahaifiyata, ta haɗo ni da gwangwani cike da turaren sandal da ta dafa da sukari da hannunta. Ni kuwa ba na iya ɗaga ido in kalli Babanki, balle in gaya masa abin da ke raina. In ya yi mini magana sai in amsa wa tabarma. To sai na ce bari turare ya yi mini magana. Na duba duk kayansa, na ga babu abin da yake rungumewa kamar jitar nan.

Kullum da hantsi, in ya tafi kasuwa, sai in sauke ta daga ƙusa, in kifa ta a kan kujeru biyu, bakinta na kallon ƙasa. In tura kaskon garwashi a ƙarƙashi don hayaƙi ya shiga cikinta, in lulluɓe da shamla, bargon nan mai kauri da muke shiga hayaƙi da shi. In na yaye sai in ji ta da ɗumi kamar jikin mutum, ƙamshi na fita ta bakinta. Sai in mayar da ita ƙusa, in zauna ina ta saƙa yadda zai ɗauke ta da yamma ƙamshin ya taso masa, ya san wadda ta yi. Wallahi ban taɓa jin na iya wani abu a duniya kamar a kwanakin nan ba.

Abin da ban sani ba, wuyan jita da jikinta ba itace ɗaya ba ne. Haɗa su aka yi da gam, kuma gam ɗin nan da zafi ake narka shi. Tsarkiyoyi shida kuwa dare da rana jan wuyan suke yi zuwa gaba, ba sa hutawa. Ni ina sassauta gam da garwashi, su suna ja. Kowace rana wuya na sunkuyowa kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya gani.

Don haka, Ummi, ki raba jitar nan da zafi. Kada ki jingina ta da bangon kwano, kada ki bar ta kusa da murhu ko inda rana ke shigowa ta taga. A mota kada ki yarda yaron mota ya ɗaure ta a sama tare da buhuna, ko da zai yi miki tsiya. Ki ɗora ta a cinya. In kina turara ɗaki, fitar da ita tukuna. Kuma in kin so yi wa wani alheri a kan abin da ba ki san kansa ba, ki tambaya. Kalma huɗu ce ta gagare ni a lokacin: "In turara maka jita?"

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin a cikinsa har da wayo.

Na lura kiɗansa ya gajarta. Da yakan kai har kiran magariba, yanzu waƙa biyu sai ya ajiye yana murza yatsu a gwiwa. Ya daina hawa can ƙasan wuya inda sautin ke yin siriri, wurin da na fi so. Ran nan ina zuba masa ruwan wanke hannu na ga kan yatsunsa sun yi layi-layi, ɗaya har ya fashe. Ban tambaya ba. Sai wata rana wani mai jita ya biyo shi gida, ina daga cikin ɗaki na ji Babanki yana ce masa, "In tsarkiya ta yi sama, wani lokaci akan rage ƙashi…" Daidai nan tukunyata ta yi ambaliya, na ruga. Rabin magana na ji, kuma da rabin nan na yi aiki.

Washegari na sassauta tsarkiyoyi kamar yadda na ga yana yi, na zare ƙashin, na kai shi kan dutsen da muke wasa wuƙa. Ta sama na goge shi, inda tsarkiya ke zama. Na goge, na mayar, na ga har yanzu da saura, na sake gogewa. Ban tsaya ba sai da ƙashin ya kusa shafewa daidai da katakon jaki. Na ɗaure, na rataye, na yi wanka, na zauna ina jiran yabo.

Da la'asar ya dawo. Goggonki Sa'adiyya, ƙanwarsa, ta zo yini, tana tsakar gida tana soya gahawa. Ya zauna a bakin angarib, ya ɗauki jita, ya kaɗa sau ɗaya. Ummi, sautin da ya fito kamar an buga kwanon da ya tsage. Tsarkiya biyu na zuza, sauran sun shaƙe.

Sa'adiyya ta ce, "Yaya, jitar taka mura take yi?"

Babanki ya ɗaga jitar. Ya juya ta, ya kalli jaki, ya shafa ƙashin da babban yatsa. Ni tuni na shige bayan labule.

Sa'adiyya ta ɗaga murya. "Amarya, fito mana. Ɗazu na ga farin gari a kan dutsen wuƙa, na ɗauka alli kike ci, har na fara yi wa Yaya murna."

Na fito kaina a ƙasa, na ce ni ce. Na ce na ga yatsunsa ne. Sai kuka ya ƙwace mini, kuma da kukan ya zo sai komai ya biyo shi, har kujeru biyu da kasko da shamla.

Sa'adiyya ta karɓi jitar ta kai hanci bakinta. Ta yi shewa har maƙwabta suka ji. "Ya salam! Jita ma ta shiga hayaƙi? To saura lalle, sai mu nema mata miji. Yaya, ka auro mana mai gyaran amare ba ka faɗa ba!"

Ya ce, "Sa'adiyya, gahawarki na ƙonewa."

Da ta juya, sai ya shiga ɗaki ya fito da doguwar masɗararsa ta ƙarfe, wadda yake awo da ita. Ya shimfiɗa jita a kan angarib, ya ce, "Amarya, share hawaye, da ido za a yi aikin. Zo ki riƙe mini nan."

Ranar ce hannuna ya fara taɓa nasa da rana, a gaban mutum. Abin da ya nuna mini shi zan gaya miki yanzu, ki bi shi yadda na jera, kada ki tsallake.

Ki fara da ɗaure tsarkiyoyi daidai yadda kike kiɗa, domin jita a sake ba ta faɗin gaskiya. Ki kwantar da ita a kan abu mai laushi. Ki ɗora masɗara a tsaye a kan gefenta, a tsakiyar wuya tsakanin tsarkiya ta uku da ta huɗu, ta hau kan ƙananan ƙarafan nan da aka gicciya, waɗanda Babanki ke ce wa gaɓoɓi. Sai ki tura ta a hankali zuwa jaki. In wuya na zaune daidai, bakin masɗara zai hau kan katakon jaki kamar an gwada, ko ya shafe shi da ƙyar. In kuwa ya tunkuyi jaki a gefe, ƙasa da samansa, to wuya ya sunkuya. Ranar nan, ina riƙe, masɗara ta tunkuyi jaki ƙasa da kaurin tsinken ashana biyu. Ya ce, "Kin gani? Ƙashi bai yi laifin komai ba. Ko kin goge shi ya ƙare, tsarkiya ba za ta sauko ba, sai dai murya ta mutu. Sai ƙashi ya ɗago sama da jaki tsarkiya ke danna shi, dannawar nan ce sauti."

Bayan haka ki juya jitar ki duba dunduniyar wuya, inda ya manne da jiki. Ki gwada tura gefen takarda. In ta shiga, gam ya saki. Tawa ta shiga har rabin farce. Ki kuma shafa fuskar jitar bayan jaki da tafin hannu. Ɗan tudu kaɗan ba komai ba ne, duk jita na da shi, amma in ya yi kamar cikin mai wata biyar, ko gefen jaki ya fara ɗagawa, ki sassauta tsarkiya nan take.

Sai kuma lanƙwasar wuyan kansa, wadda daban take da zamansa, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Ki danne tsarkiya mai kauri a gaɓa ta farko da hannun hagu, ki danne ta da ƙaramin yatsan dama a gaɓar da wuya ya shiga jiki. Ki duba tsakiya, wajen gaɓa ta bakwai. Ya kamata a sami 'yar tazara tsakanin tsarkiya da ƙarfe, kamar kaurin bangon littafin makaranta. In ta fi haka sosai, wuya ya yi baka, kuma wannan mai sauƙi ne. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuya, kanta na leƙowa ta bakin jita, maɓallinta na cikin aljihun jaka. Ki sassauta tsarkiya, ki juya shi dama rubu'in zagaye, rubu'i kawai, ki ɗaure, ki bar ta ta kwana kafin ki sake dubawa. In ya cije kada ki yi masa ƙarfi. Kuma kada ki ce da shi za ki ɗaga wuyan da ya sunkuya daga dunduniya. Babanki ya ce rabin jitocin da ake kawo masa a mace, ƙarfen nan aka murɗe har ya karye ana neman abin da ba aikinsa ba.

Sai duk wannan ya yi daidai ake auna tsayin tsarkiya. A gaɓa ta goma sha biyu, tsinken ashana ɗaya ya shiga ƙarƙashin mai kaurin yana ɗan motsi, a ƙarƙashin siririyar kuwa ya shiga da ƙyar. Ƙashi shi ne na ƙarshe da ake taɓawa, kuma ta ƙasa ake rage shi, a kan abu mai shafe, ba ta sama ba. Ni da na ƙarshe na fara, ta sama kuma.

Ban taɓa ganin aiki mai kyau kamar gyaran da ya yi wa jitar nan ba. A gida ya yi shi, bai kai ta kasuwa ba, don kada a tambaye shi abin da ya same ta. Ya ɗumama dutsen guga, ya ɗora a kan tsumma a ƙarshen wuya har gam ya yi laushi. Ya zare gaɓa ɗaya, ya huda ƙaramar ɓula a gurbinta, ya jona siririn bututu da bakin butar shayi, ya tura tururi cikin haɗin. Ni ce mai fifita wuta. Muna nan zaune, yana girgiza wuyan a hankali kamar mai cire wa yaro haƙori, sai na ji ɗan ƙaras, wuya ya fito a hannunsa. Na rufe ido, na ce na kashe ta. Shi kuwa murmushi yake yi.

Kwana biyu yana rage dunduniyar wuyan. Ba sassaƙa ba ce irin ta angarib. Ya ja sanfara sau uku, ya mayar da wuya, ya ɗora masɗara, ya cire, ya sake ja sau biyu. Abin da ya cire duka bai cika cokalin shayi ba. Ba ya magana, ba ya gaggawa, harshensa na leƙowa ta gefen baki. Na zauna a ƙofar ɗaki da sunan tsintar shinkafa, har na tsince masu kyan na zubar wa kaji. Ƙashin kuwa wajen mahauci ya samo, na ƙafar raƙumi, ya dafa shi ya fitar da maiƙo, ya shanya a inuwa, ya yanka, ya goge har ya yi santsi kamar haƙorin jariri. Shi ne wanda kike shirin kai wa sanfara.

Ya ɗaure haɗin ya ce sai bayan kwana bakwai. A cikin kwanakin nan aka yi bikin amininsa a Ƙala'at an-Nahal, wanda tun kafin a yanke riɗi ya yi alkawarin zai yi masa kiɗa. Ya tafi hannu sake. Sa'adiyya da ta bi su ta dawo tana ba ni labari, wai an yi ta tambayarsa ina jita, yana cewa tana jego. Ta ce, "Tafi kawai ya yi, Amarya, kamar sauran marasa sana'a. Ke kika jawo." Shi bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Shekaru bayan haka na tambaye shi ko bai ji ƙamshin ba tun farko. Ya ce ya ɗauka na ɗaki ne ya kama ta. Sai ana saura kwana biyu in goge ƙashin ya dawo ɗaukar guduma da ya manta, ya hango ni ta ƙofa na durƙusa gaban kujeru ina gyara shamla, ina 'yar waƙa. Na ce, "Me ya hana ka magana?" Ya ce, "Ɓarnar ta riga ta auku. Kuma ranar na fara jin muryarki da kyau, sai na koma ba gudumar."

Kuskurena na uku shi ya fi daɗewa, kuma ke ya shafa.

Tun daga ranar na ɗauke hannuna daga jitar nan saboda kunya. Na iya duba ta, ban iya kaɗa ta ba, ban kuma nemi ya koya mini ba, ko da yake sau da yawa in yana kiɗa yatsuna na motsi a cikin zane. Da kika kai shekara tara kika fara ɗaukarta, har kika fi 'yan bikin unguwa, na ji daɗi na ɓoye. Wata rana kika ɗauko masɗara kika ce, "Yumma, me Baba yake aunawa da wannan a jikin jita?" Na ce je ki tambaye shi. Kika je, shi kuma don ya ba ni girma ya ce Yummarki ta fi ni sani. Kika dawo, na ce ina aiki. Daga nan ba ki sake tambaya ba. Shi ya sa yau kika iya kiɗa har mata na share hawaye, amma ba ki san abin da ke riƙe da sautin ba. Wannan laifina ne, ba naki ba.

A can inda za ki, in kin tambaya an tura ki gaba, ki sake tambaya. In yarinya a ajinki ta tambaye ki abu, ko da amsar za ta tona miki wani tsohon wauta, ki ba ta.

Jiya da kika fita sallama da dangi, na rufe ƙofa na sauke jitar. Rabona da taɓa ta tun ba a haife ki ba. Na ɗora masɗara, na tura. Ummi, ta hau kan jaki kamar ranar da ya gama aikin. Na gwada takarda a dunduniya, ta ƙi shiga ko'ina. Damina nawa, bazara nawa, tsarkiya na ja, haɗin Babanki bai motsa ba. Na zauna a ƙasa na daɗe ina kallonta.

Abin da ke yanka miki yatsu damina ce. Ruwan bana ya yi yawa, katako ya sha laima, fuskar jitar ta ɗan kumbura ta ɗaga jaki, wuya kuma ya yi baka kaɗan. Bangon littafi biyu na tura a gaɓa ta bakwai. In kika goge ƙashi yanzu, ran da katakon ya bushe ya koma mazauninsa, tsarkiya za ta kwanta a kan gaɓoɓi tana zuza, kuma babu abin da za ki mayar. Ban juya ƙarfen ba. Na bar miki, domin iskar bakin teku daban take da tamu, kuma gara ki auna da idonki.

Sanfararki na cire, tana wurina. A madadinta na sa miki masɗarar Babanki, na naɗe ta a cikin sabon mayafi a gefen jita. Ban roƙe shi ba, ɗauka na yi daga akwatin aikinsa.

Kin san tun da takardar aikinki ta zo bai ce komai a kan tafiyarki ba, ya miƙa miki jita kawai ya fita, har kina tambayar Goggonki ko fushi yake yi. Yau da safe, kina wajen mai ɗinki, ya buɗe akwatin zai tafi kasuwa. Na ji yana ta juya kaya, ya fitar da komai ya mayar. Ina tsugune ina wanke kofuna, ban ɗago ba. Ya zo ya tsaya a kaina. Ya kalli jakar jitar da ke jingine a ƙofarki, wadda bakin mayafin da na naɗe masɗarar a ciki ya leƙo ta gefenta. Na jira ya tambaya.

Ya ce, "Ta hau jakin?"

Na ce, "Ta hau."

Ya gyara rawani, ya nufi ƙofar gida. Har ya kai zaure sai ya juyo. "Ki ce mata ta ba ta kwana goma ta saba da iskar can kafin ta taɓa komai. Rubu'i kawai. In ya cije ta rubuto mini, ke ki karanta mini." Ya ɗan tsaya, yana kallon ƙasa. "Kuma ta riƙa cin abinci."

To na faɗa miki.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baki da na ido, Ya tsare miki mutuncinki da sallarki. Ya sa albarka a hannunki da abin da zai koyar. Goggonki na gaishe ki, ƙannenki na gaishe ki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini shirun da na yi.

Wassalam.

Mahaifiyarki.